Jar Ƙasa a Cikin Kwamfutar Maliki

La'asar ta ɗan gota lokacin da Zulaiha ta sauka daga bayan babur ɗin yayanta Mu'azu, a ƙofar wani shagon gyaran waya da kwamfuta da ke bakin kasuwar Birnin Gwari. Tsakiyar damina ce. An yi ruwa da hantsi, ƙasa tana ta huci, gabas kuma ta sake haɗa wani hadarin. Ta gyara hijabinta, ta rungume baƙar jakar da ta taho da ita tun daga ƙauyensu, can gaba da Kazage.

"Zan leƙa wajen masu taki in dawo," in ji Mu'azu. "Ki ce masa ya hanzarta. Ba na son magariba ta riske mu a daji."

"To, Yaya."

Kusan iyakar maganarta ke nan a 'yan watannin nan. To, Yaya. To, Inna. In an miƙo mata abinci ta ci, in ba a miƙo ba, ba ta tambaya.

Kwamfutar da ke cikin jakar, irin ta tafi-da-gidanka, ta mijinta ce, Maliki. Ilimin duwatsu ya karanta a Zariya. Da aikin gwamnati ya ƙi samuwa sai ya bi masu haƙar zinare cikin daji, yana duba musu dutse, yana nuna musu inda jijiya ta bi. Da bazara ramin da ya shiga ya rufta da shi. Aka yi ta tono, ana kwashe ƙasa wata na zubowa, har aka haƙura. Aka yi masa salla babu gawa. Abin da aka kawo wa Zulaiha jakarsa ce kawai, wadda aka zaƙulo a bakin ramin, rabinta a binne.

Ta yi takaba ta fita, ta koma gidan iyayenta, ta ci gaba da zuwa firamaren da take koyarwa. Lokacin zaman makoki mata sun yi ta kuka, ita tana zuba musu ruwan sha. Ana ta yabon tawakkalinta. Ita ta san ba tawakkali ba ne. Zuciyarta ce ta zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ko an tsikara da allura ba ta ji.

Ba don 'yarsu Ummi ba, da ba ta taɓa buɗe jakar ba. Wata rana tana wanke-wanke yarinyar ta tsuguna kusa da ita ta ce, "Umma, Babana yana da gemu?" Zulaiha ta dube ta. Yarinyar ba wasa take yi ba, mancewa take yi. Wayar Maliki ta tafi tare da shi, tata kuwa ƙarama ce mai tocila. Duk hotunansa da muryarsa suna cikin kwamfutar nan. Ita kuma kwamfutar ta ƙi zama a kunne.

Mai shagon, Solomon, wani mutumin Gbagyi ne mai furfura jefi-jefi, gilashinsa a kan karan hanci. Jakar ya fara ganewa kafin mai jakar.

"Wannan ai jakar Oga Maliki ce."

"Ni ce matarsa."

Ya ajiye wayar da yake gyarawa, ya miƙe tsaye. "Na ji labari, Malama. Allah ya ba da haƙuri. A wajena ya sayi kwamfutar nan."

"Amin. Na gode."

Ya share mata benci, ya karɓi jakar, ya ciro kwamfutar ya ɗora a tebur. "Me take yi?"

"Mutuwa take yi. Sai ta kama lafiya, ina cikin neman abin da nake nema sai ta ɗauke ɗif. Ba gargaɗi, ba komai."

"A jikin wuta ko a kan batir?"

"Duka."

Ta lissafa masa abin da ta gwada, da muryar mai karanta wa yara darasi. Ta ari cajar hedimasta, ba ta canja zani ba. Ta sauya inda take jonawa a solar gidansu. Ta ɗora ta a kan bulo biyu ko iska za ta shiga ta ƙasa. Wani malami ya ce bairos ne, ya zo zai goge, kafin ya kai ko'ina ta mutu a hannunsa.

Solomon ya gyaɗa kai. Ya auna cajar da mita, ya ce lafiyarta lau. Ya kifa kwamfutar, ya zare batir, ya ɗaga shi sama don ta gani. Ya kumbura kamar burodin da ya sha yis.

"Wannan kam ya tashi aiki. Amma bari mu ga ko shi kaɗai ne."

Ya jona ta kai tsaye a wuta, ya danna. Allon ya kawo haske. Ya kai bayan hannunsa gefen da iska ke fita, ya karkata kunne.

"Kin ji? Fanka tana nishi, amma ba ta juyawa. Ko ɗan numfashi babu."

Ba su daɗe suna kallo ba allon ya yi baƙi. Ya taɓa ƙasanta ya janye hannu.

"Zafi ne. In ƙwaƙwalwarta ta yi zafin da ya wuce kima, kashe kanta take yi don kada ta ƙone. Ƙura ce ta toshe fankar, ko kyankyaso ya yi gida a ciki. Ƙaramin aiki ne."

Ya ɗauko sukundireba, yana kwance ƙusoshin yana jefawa a murfin gwangwani. Ya sa farce ya ɓanɓare murfin bayan. Sai ya tsaya.

Warin ne ya fara isowa. Warin ƙasar ƙarƙashi, mai sanyi, irin wanda ke tasowa daga rijiya in masu haƙa sun kusa cim ma ruwa. Ya danne ƙamshin tsiren maƙwabcin shagon, ya danne warin dalma.

Jar ƙasa ce cunkushe a cikin fankar, ta cika kowane lungu kamar da yatsa aka danna ta. Solomon ya taɓa ta da bakin sukundireba. Ruwa ya tsattsafo.

"Ruwan sama ya taɓa ta?"

"Tana cikin akwati tun da aka kawo ta."

"Injin da ke zafi haka," ya ce a hankali, "ko laka aka cusa masa, da tuni ta bushe ta zama gari."

Ya shimfiɗa takarda, ya shiga kankaro ƙasar a kai. Da hasken ƙofa ya sauka a kanta sai wasu ƙananan abubuwa suka riƙa ƙyalli a ciki, kamar idon kifi. Ya ninke takardar, ya turo mata da bakin sukundireba, ba da hannu ba.

"Ɗauki abinku, Malama. Ba na son ta kwana a shagona."

"Ƙasa ce kawai."

"Na sani. Amma tsofaffinmu suna cewa zinare yana da masu shi, kuma ba sa mance inda nasu ya shiga. In da ni ne, zan zubar a hanya."

Zulaiha ta dubi ƙunshin. Ita ce ƙasar da ta rufe Maliki. Ba shi da wani kabari sai ita. Ta sa a aljihun gefen jakar, ta ja zif.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta, hadarin kuma ya sauko. Sai da Solomon ya yi ta fama da janareta kafin ya tashi. Ya goge fankar da buroshi, ya hure ta, ya kankare tsohon man da ya bushe a kan ƙwaƙwalwar, ya shafa sabo, fari, mai ɗauke zafi. Ya mayar da murfi, ya ɗaure ƙusoshi, ya kunna. Wannan karon fankar ta juya, siririyar iska mai ɗumi ta fito. Suka zauna suna jira ta mutu. Ruwa na dukan kwano. Ba ta mutu ba.

"Buɗe abin da kike nema mu gwada ta da shi."

Ta nemo bidiyon. Ga Maliki a gonar masara, Ummi a wuyansa ta riƙe masa kunnuwa. Yana da gemu, ɗan siriri. Yana dariya yana cewa, "Malama, ɗauke mu da kyau, kada ki yanke mini kai." Haka yake kiranta, Malama, tun suna saurayi da budurwa.

Solomon ya juya baya, ya shiga gyara kayan da ba su buƙatar gyara. Zulaiha ta kalla har ƙarshe. Ta jira ta ji wani abu. Kamar hoton mijin wata take kallo.

"Ta gyaru," ta ce.

"Ta gyaru. Sai dai batir, sai na aika Kaduna a kawo. Kafin nan ba za ta kama ba sai a jikin wuta. Kina zare waya za ta mutu."

Mu'azu ya dawo a jiƙe, buhun taki ɗaure a gaban babur. Ruwan ya tsagaita, amma rana ta yi ƙasa sosai. Solomon ya ce da sun kwana a gari. Mu'azu ya dubi sama, ya dubi hanya. Ƙauyensu ba sabis, in Inna ba ta gan su ba za ta ɗauka mutanen daji sun tare su, ga ta da hawan jini.

"In mun bi ta yanke za mu isa da sauran haske," ya ce. "Hau mu tafi."

Suka bar kwalta, suka kama jar hanya. Gonakin masara da dawa sun yi shar, ruwa na ɗiga daga ganye. Suka wuce wani Bafulatani yana kora shanu gida, ya ɗaga musu sanda. Daga shi ba su ƙara ganin kowa ba. Gonaki suka ƙare, itatuwa suka haɗe kai a sama, hanyar ta tsuke ta zama ta ƙafa, irin wadda masu haƙa suka fitar da baburansu. Haske ya koma ruwan toka. Kwaɗi sun cika dajin da kuka, gyare na taya su.

Zulaiha na rungume da jakar a cinyarta. Ba ta tunanin komai. Tana kallon ƙeyar yayanta, tana jin warin taki da fetur.

A wani gangare, kusa da ƙorama, babur ya mutu.

Bai yi tari ba, bai yi gargada ba. Ya ɗauke kawai, fitila da inji lokaci guda. Suka gangara shiru har ya tsaya da kansa.

"Sauka in duba fulogi," in ji Mu'azu, murya ƙasa-ƙasa. "Ruwa ne ya shiga. Kada ki yi nisa."

Ta sauka. Ya tsuguna, ya kunna tocilar wayarsa ya riƙe da haƙori. Ita ma tocilar ta mutu. Ya bubbuga wayar a tafin hannu, yana salati a ciki-ciki.

Sai kwaɗin suka yi shiru.

Ba ɗaya bayan ɗaya ba. Gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki da tafi. Gyare ma haka. Har ɗigar ruwa daga ganye ta tsaya.

A cikin wannan shirun Zulaiha ta ji wata siririyar ƙara a jikin ƙirjinta. Ta san ƙarar. Ɗazu ta ji ta a shagon Solomon. Fanka ce take juyawa.

Jakar ta yi ɗumi, kamar jinjiri mai barci. Shuɗin haske na fitowa ta haƙoran zif.

Batir ɗin yana can a kan teburin Solomon.

"Malama."

Daga cikin jakar muryar ta fito, har da 'yar dariyar da ke biye da ita. Zulaiha ta dubi Mu'azu. Yana tsugune, ya ba ta baya, yana kokawa da fulogi. Bai ji ba.

"Malama."

Wannan karon ba daga jaka ba. Daga cikin itatuwa, hannun hagu.

Warin nan ya taso, na ƙasar ƙarƙashin rijiya. Ya fi na ɗazu ƙarfi, har tana jin ɗanɗanonsa a harshe. Tsakanin itatuwan ta hango fitilu, irin tocilar da masu haƙa ke ɗaurawa a goshi. Suna da yawa. Amma duk a ƙasa suke, daidai idon sawu, kamar masu su suna tsaye ne a cikin ƙasa, kawunansu kaɗai suka fito.

A gabansu mutum ɗaya na tsaye a sarari. Tsayin Maliki. Rigar da ya fita da ita. Jar laka ta rufe masa fuska, ba ido, ba baki, sumul kamar tukunyar da ba a gasa ba.

Ta san ba shi ba ne. Tun kallon farko ta sani. Maliki ba ya tsayawa haka, hannuwa a sake, kai a karkace kamar mai sauraren wani abu a ƙarƙashin ƙasa.

Ta sani, kuma ba ta damu ba.

Ta taka ta bar hanya. Ciyawa mai raɓa ta jiƙa mata zane. Babu tsoro a ranta, babu murna. Gajiya ce kawai, wadda ta daɗe tana ɗauke da ita, ga kuma wani wuri can gaba da ya yi kama da inda mutum zai kwanta ya huta.

Abin ya miƙo hannu, tafin a buɗe, wajen aljihun da ƙunshin ƙasar yake.

"Namu," ya ce. Ba muryar Maliki ba ce yanzu. Kamar tsakuwa na zuba cikin rami.

"Na kabarinsa ne," ta ce. Ita kanta ta yi mamakin yadda muryarta ta fito daidai.

"To, zo ki gan shi."

Ya ja da baya. Ƙafarsa ba ta motsa ba, amma ya yi nisa. Ta bi. Ƙasa ta fara laushi a ƙarƙashinta. Fitilun suka buɗa mata hanya, suna juyowa suna bin ta da haske.

Can baya ta ji an kira sunanta, kamar daga ƙarshen wani gari.

Ta ƙara taku.

Muryar Maliki ta dawo, mai taushi, har da dariyar nan, daidai yadda take a bidiyon, ba ƙari ba ragi.

"Malama. Ina yarinyar?"

Ta tsaya.

"Tana son ganin babanta. Mun ji tana tambaya. Ki zo, ita ma za mu je mu ɗauko ta."

Mun ji tana tambaya.

A tsakar gida Ummi ta yi tambayar nan. Da rana tsaka. Jakar tana cikin akwati, a ɗaki.

Wani abu ya tsarga mata tun daga tafin ƙafa har tsakar ka, mai zafi, kamar jini ya dawo cikin ƙafar da ta mutu. Haƙoranta suka haɗu. Tsoro ne. Ta mance kamanninsa, amma shi ne.

Ta dubi ƙasa.

Yatsun ƙafarta suna kan gaɓar wani tsohon ramin haƙa da aka bari, ruwan sama ya cika shi, baƙi ƙirin. Fitilun ba a cikin ciyawa suke ba. A cikin ruwan suke, suna kallon sama. Abin kuma a tsakiyar ruwan yake tsaye.

Ta buɗe baki za ta nemi tsari. Harshen ya ƙi ɗaguwa.

Gaɓar ta motsa.

Sai ta ji Mu'azu. Kiran salla yake yi, da iyakar ƙarfinsa, murya na karyewa, yana tahowa a guje cikin ciyawa.

Fitilun suka yi rawa.

Hannunta ya sami zif ɗin gefe. Ta fizgo ƙunshin. Ya yi nauyi kamar dutsen niƙa, ruwa na zuba daga cikinsa. Ta jefa da hannu biyu.

Bai yi ƙara ba da ya faɗa.

Ƙasa ta zame a ƙarƙashinta. Ƙafarta ta dama ta nutse har gwiwa cikin ruwa mai sanyin ƙanƙara. Wani abu ya kama mata idon sawu. Yatsu ne. Ta ji su ɗaya-ɗaya.

Mu'azu ya damƙo hijabinta ta baya, ya haɗa da damtsenta, ya ja. Aka ja ta ƙasa. Ya sake ja, bai daina kiran sallar ba. Harshenta ya saku, ta ambaci sunan Allah da wata murya da ba ta san tana da ita ba.

Takalminta ya zame. Ƙafar ta fito.

Suka faɗi tare cikin ciyawa. Gaɓar da take tsaye a kai ta rufta cikin ruwan gaba ɗaya.

Fankar ta yi shiru. Hasken jakar ya ɗauke.

Wani kwaɗo ya yi kuka. Wani ya amsa. Dajin ya dawo.

Mu'azu ya ɗaga ta. Ya ja ta har bakin hanya, ya taka babur sau ɗaya ya tashi, fitila ta haska. Ya kwance buhun takin ya yar don su yi sauƙi. Duk tsawon hanyar tana ƙanƙame da rigarsa, ƙafa ɗaya ba takalmi, tana maimaita abu ɗaya: ya yi sauri, ya yi sauri, Ummi.

Suka tarar da yarinyar a gindin murhu kusa da Inna, tana cin dafaffiyar masara. Zulaiha ta ɗauke ta cak, ta matse ta har sai da ta yi ƙara, masarar ta faɗi cikin toka.

Washegari Mu'azu ya gaya wa liman abin da ya gani, wanda bai wuce ƙanwarsa tana tafiya cikin duhu tana magana ita kaɗai ba. Fitilun da mai tsayuwa a kan ruwa, shi bai gan su ba. Amma ya ga shatin yatsu a idon sawunta, ya ga kuma irin ƙarfin da ya sa kafin ya ƙwato ta. Aka yi mata addu'o'i, aka tofa a ruwa ta sha ta shafa. Ta yi kwanaki tana zazzaɓi.

Kwamfutar ba ta sake mutuwa ba. Da sabon batir ya iso, Mu'azu ne ya je ya karɓo, da safe. Solomon ya tambaye shi ƙunshin, Mu'azu ya ce an mayar wa masu shi. Solomon ya ce, "Gara haka."

Ummi ta ga babanta. Ta sa yatsa a kan allon, a daidai gemun, ta ce a sake. Aka sake. Da rana ake kunna mata, ana yin la'asar Zulaiha take rufewa ta mayar akwati.

Ba a rufa mako biyu ba wani daga cikin masu haƙa ya zo da saƙo. Ruwan da aka yi ta yi ya zaizaye gefen ramin da ya rufta da Maliki, can cikin dajin, tafiyar wuni daga inda babur ɗinsu ya mutu. Ƙasa ta buɗe da kanta. An gan shi.

Maza suka je suka ɗauko shi, aka suturta shi, aka kai shi maƙabartar gari kusa da mahaifinsa. Da yamma Mu'azu ya shigo gida, ya tsaya a ƙofar ɗakin Zulaiha da baƙar leda a hannu.

"Na so in jefar a hanya," ya ce. "Sai na ga ba ni da hurumin ɓoye miki. A gefen Maliki aka same shi, an ajiye shi tsaf, kamar yadda ake ajiyewa a ƙofar ɗaki."

Ta buɗe ledar. Takalminta ne, na ƙafar dama. An wanke shi tas, ko ɗigon laka babu.

Ta zauna a bakin gado da shi a hannu. A tsakar gida Ummi na bin kaji da kara, rana ta kusa faɗuwa.

"Yaya," ta ce, "a wane gefe aka binne baban Ummi? Ina so in san inda zan nuna mata in ta girma."

"Gabas da itacen ɗorawa. Na kafa dutse."

Ta gyaɗa kai. Ta miƙa masa takalmin ta ce ya haɗa da ɗan'uwansa ya ƙone, kada yarinyar ta gani. Sannan ta tashi ta fita tsakar gida, ta kama hannun Ummi, ta shigo da ita ɗaki tun kafin ladan ya buɗe baki, ta rufe ƙofa ta sa sakata.